Yadda ake samun abincin titin Tailan na gaskiya a gidan abincin otal a Bankok

Wanda ya sauka Bankok don saro kaya a Pratunam, ko ya raka marar lafiya asibiti a wajen Sukhumvit, ba kullum yake da halin tsayawa bakin titi ya ci abinci ba. Daga watan Mayu zuwa Oktoba ruwan sama kan tsuge da yamma, daidai lokacin da masu kasko ke kafa rumfunansu. Ranar Litinin kuma, a al'adance masu sayar da abinci a gefen hanya da yawa ba sa fitowa, saboda ranar share tituna ce. Ga kuma Musulmi da ke fargabar abin da aka soya cikin kasko kafin nasa. Sai a koma gidan abincin otal.

Matsalar ita ce otal baƙo yake dafa wa, kuma baƙon da aka saba da shi mai gudun yaji ne da ƙarnin kifi. Shi ya sa ake rage barkono, a ƙara sukari, a janye duk abin da ke da ƙarfin wari, a kawo maka faranti mai kyan gani amma salam a baki. Sai dai masu aiki a kicin ɗin 'yan ƙasa ne, da yawansu daga Isan, arewa maso gabashin Tailan, inda aka ƙware a dakan gwanda da gashin kaza. Hannunsu ya iya. Abin da ya rage gare ka shi ne ka zaɓi wurin da ya dace, ka yi oda ta yadda za su dafa maka irin wanda suke dafa wa kansu.

Zaɓen wuri tun kafin ka zauna

Babban otal a Bankok yakan kasance da gidajen abinci fiye da ɗaya, kuma ba duka ne za su yi maka ba. Akwai wanda ke buɗe daga safe har dare, wanda takardar abincinsa ta haɗa biza da boga da taliyar Italiya, sannan a shafi na ƙarshe a jera abincin Tailan guda shida ko bakwai. Wannan shi ne mafi rauni, domin miyarsa yawanci a haɗe take tun da safe, a ɗumama ta in an yi oda. Akwai kuma gidan abincin Tailan na alfarma, irin Nahm da ke otal ɗin COMO Metropolitan, ko Sala Rim Naam na Mandarin Oriental da ke hayin kogin Chao Phraya. Waɗannan girkinsu na ƙwarai ne, amma girkin fada ne da na manyan gidaje, ba na bakin titi ba, kuma kuɗinsu ya sha bamban. Abin da kake nema na tsakiya ne: gidan abincin Tailan zalla mai sauƙin kai, ko kuma wurin ɗiba-da-kanka da ke da kuku tsaye gaban kasko yana dafa wa kowa nasa a kan idonsa.

Ka je da rana tsakanin sha biyu da ɗaya ka leƙa. In ka ga ma'aikatan ofis 'yan ƙasa sun cika rabin kujeru, alama ce mai kyau, domin ɗan Bankok ba ya biyan kuɗin otal a kan abincin da bai kai na kan layinsu ba. Ka duba takardar abinci: akwai rubutun Tailan a saman kowane suna, ko Turanci ne kawai da hotuna? Ka kasa kunne. Ƙarar taɓarya a turmi daga wajen kicin, ɗif-ɗif-ɗif, tana nufin ana daka kwaɗon gwanda ne lokacin da aka yi oda. Ka kuma dubi tebur ko hannun masu kai abinci, ko akwai ɗan kwandon nan mai kwalabe huɗu da ake kira khrueang prung: sukari, dakakken busasshen barkono, ruwan kifi, da ruwan khal mai yankakken barkono a ciki. Babu mai sayar da taliya a titi da ba shi da shi. Gidan abincin da ya ajiye maka gishiri da masoro kawai, to ka san wanda yake jira.

A wurin ɗiba-da-kanka, kada ka kusanci taliyar da aka zuba cikin manyan farantan ƙarfe masu murfi da wuta a ƙarƙashi. Taliyar shinkafa in ta zauna cikin tururi minti goma sai ta dunƙule, ta yi danƙo, tsiron wake ya yi laushi ya saki ruwa. Ka wuce kai tsaye wurin mai kasko ko mai tukunyar romo.

Maganar halal kafin maganar daɗi

Naman alade shi ne naman yau da kullum a girkin Tailan, kuma ba a tsoka kawai yake zuwa ba. A wurare huɗu yake ɓuya. Na farko mai: tsofaffin masu girki sun fi son kitsen alade wajen suyar taliya da wainar kawa da ake kira hoy tod, har ma da soyayyar tafarnuwar da ake barbaɗa wa miya, wadda sau da yawa ake haɗa ta da soyayyen kitse. Na biyu romo: tukunyar romon da ake ɗiba a zuba wa miya, ko a yayyafa wa kasko, galibi ta ƙashin alade ce, ko da kaza ka yi oda. Na uku niƙaƙƙen nama: ana cusa shi cikin ƙwallon jatan lande, da wainar ƙwai, da kunun shinkafar safe da ake kira jok. Na huɗu jini. Taliyar kwale-kwale, kuay tiao ruea, da jini ake kaɗa romonta ya yi kauri ya yi duhu, ko ta naman sa ce. Shinkafa da kaza ta khao man kai, wadda Pratunam ta yi suna a kanta, akan ɗora mata yankin daskararren jinin kaza a gefe. A wasu miyoyin ma ba a lura, domin jinin kamar hanta yake a ido. Bayan waɗannan akwai giyar girki ta Sin da wasu kukoki ke zubawa a soye-soye.

Akwai bambanci tsakanin gidan da ya rubuta cewa ba ya amfani da alade da kitsensa, da gidan da ke da takardar halal. Na farko bai ce komai a kan yanka ba, bai ce komai a kan giya ba. Takardar halal a Tailan tana fitowa ne daga Babbar Majalisar Musulunci ta ƙasar da kwamitocinta na larduna, tambarinta mai kusurwa huɗu ne a karkace, da kalmar halal da Larabci a tsakiya. Ka nemi a nuna maka takardar, ka duba kwanan watan ƙarewarta, sannan ka tambaya ko ta shafi kicin ɗin da zai dafa naka. Wasu otal suna da kicin na halal daban, amma na liyafa ne kawai, abincin da ake kawowa tebur daga babban kicin yake fitowa. Wanda ba ya son wannan bin diddigi, akwai otal irin Al Meroz da ke Ramkhamhaeng, wanda gaba ɗayansa a kan tsarin halal aka gina shi, babu alade babu giya. Unguwar Nana, wajen layin Soi 3, cike take da abincin halal, amma mafi yawansa na Larabawa ne da Indiyawa da 'yan Afirka. Za ka ƙoshi, sai dai ba abin da muke magana a kai ba ne.

Idan otal ɗinka ba shi da takarda, mafita mafi sauƙi ita ce abincin ruwa: kifi, jatan lande, ƙaguwa, waɗanda a mazhabar Malikiyya duk halal ne. Ka roƙi a yi amfani da man gyaɗa ko wani man tsirrai, a wanke kasko, a sa ruwa zalla maimakon romo. Tun da safe ka je teburin karɓar baƙi ka sa a rubuta maka da rubutun Tailan a kan kati: ban da naman alade, ban da kitsensa, ban da romonsa, ban da jini, ban da giya. Katin ya fi bakinka aiki, domin mai ɗaukar oda zai shiga da shi kicin ya miƙa wa kuku hannu da hannu.

Kada ka ɗauka halal na rage maka asalin abincin. Akwai jerin abincin titi da Musulmin Tailan ne masu shi tun farko: khao mok kai, shinkafa mai kurkur da kaza a binne ciki, da koren miya mai tsami a gefe, massaman, miyar kwakwa mai dankali da gyaɗa da kirfa, sup hang wua, farfesun jelar sa mai tsami da yaji, roti mataba, fanke mai nama a ciki, da khao soi na Chiang Mai, taliyar ƙwai cikin romon kwakwa, wadda ake dangantawa da fataken Musulmi daga Yunnan na ƙasar Sin. Waɗannan a kicin ɗin halal suke a gidansu. Su kuwa irin mu ping, khao kha mu, khao mu daeng, sai krok Isan, naem da kuay jap, alade ne ginshiƙinsu, ka tsallake su gaba ɗaya. Tsiren satay ma ka tambaya, domin a Bankok na alade ya fi yawa.

Karanta takardar abinci

Sunan abincin Tailan yana faɗa maka yadda aka yi shi. Pad suya ce a kasko, tom dafuwa ce cikin ruwa, yam kwaɗo ne mai tsami da yaji, tam abin da aka daka a turmi, kaeng miya, yang gashi, thot suya cikin mai mai yawa, khao shinkafa. Kalmar ƙarshe yawanci naman ce: kai ko gai kaza, nuea naman sa, kung jatan lande, pla kifi, pu ƙaguwa, thale haɗin kayan ruwa, mu ko moo alade. Rubutun boko na sunayen ba shi da ƙa'ida ɗaya. Abinci guda za ka gan shi an rubuta kaphrao, krapow ko gaprao, duk abu ɗaya ne.

Takarda mai kyau gajera ce, kuma takan nuna yankin da abincin ya fito. In ka ga som tam, wato kwaɗon gwanda, iri biyu ko uku, ka ga laap, kwaɗon sassaren nama, ka ga shinkafa mai danƙo a jerin shinkafa, to akwai mai hannun Isan a ciki. In kuwa kowace miya an ce ka zaɓi kaza ko sa ko alade ko jatan lande, kala uku, kore da ja da ɗorawa, to miya ɗaya ce a firiji ake jefa mata naman da ka zaɓa.

Farantin gwaji

A zuwanka na farko kada ka cika tebur. Ka yi odar faranti ɗaya: pad kaphrao kai, khai dao. Wato sassaren naman kaza da ganyen kaphrao a kan shinkafa, da soyayyen ƙwai a sama. Shi ne abincin ranar direban tasi da ma'aikacin banki, kuma ba shi da inda kuku zai ɓoye kasawarsa.

Ga yadda ake yin sa. Ana daka tafarnuwa kamar ƙwara biyar da ƙananan barkono uku zuwa shida, dakan gaggawa ba mai laushi ba. A zuba mai a kasko mai zafi ƙwarai, a jefa dakan, cikin daƙiƙa kaɗan hayaƙinsa ya sa na kusa tari. A zuba nama kamar giram 120 zuwa 150, wanda aka sassara da wuƙa, a juya, a sa ruwan kifi, miyar kawa, baƙin ruwan waken suya kaɗan, da ɗan sukari a bakin cokali. A ƙarshe a watsa ganye cike da tafin hannu, a sauke nan take. Duka-duka minti biyu zuwa uku ne a wuta.

Idan ya iso, fara da ganyen. Kaphrao ganye ne mai ɗan gashi, bakinsa da tsaga-tsaga, ƙamshinsa na yaji ne da kanumfari. Otal da yawa suna musanya shi da horapha, mai santsi da sheƙi, mai ƙamshin zaƙi, saboda ya fi daɗewa a firiji, shi kuwa kaphrao kwana ɗaya biyu ya yi baƙi. In an musanya, abincin ya zama wani abu daban. Sai ka dubi gindin farantin. Naman ya kamata ya fito kusan a bushe, yana ƙyalli, da ɗan ƙaurin kasko. In yana iyo cikin ruwan miya mai kauri, wutar ba ta kai ba, ko an cika kaskon da nama ya saki ruwa ya dahu maimakon ya soyu. Karas, koren tattasai da ƙananan masara duk ciko ne. Ƙwan kuma cikin mai mai yawa ake soya shi, gefensa ya yi ja ya yi ƙaras-ƙaras, kwanduwar tana ruwa-ruwa yadda za ta gangaro cikin shinkafa. Mai ciki ko marar lafiya ya ce a dafa ƙwan sosai. Tare da farantin ya kamata a kawo prik nam pla, ruwan kifi da yankakken ɗanyen barkono a ɗan kofi. In ba a kawo ba ka tambaya. Yadda mai hidima zai amsa maka ma gwaji ne: in ya gane nan take ya kawo, kicin ɗin na da shi a ajiye don 'yan gida.

Shinkafar hom mali ce, mai ƙamshi da laushi, tana ɗan kama juna. Ba irin turararriyar shinkafar Tailan ba ce da aka saba gani a buhu a kasuwanninmu, mai warwarewa. Kada ka zaci ta caɓe.

In farantin nan ya ci jarrabawa, ka dawo da jama'arka. In ya faɗi, ka ƙarasa ka biya, ka nemi wani wuri.

Turmi, kasko da tukunya

Som tam a turmin yumɓu ake yin sa da taɓaryar itace, faranti ɗaya-ɗaya. Tafarnuwa biyu da barkono ake fara dakawa, sai dogon wake, sukarin kwakwa ko na giginyar ƙasar, ruwan kifi, lemun tsami, ƙananan tumatir, busasshen jatan lande, sannan a zuba ɗanyar gwanda da aka fere siri-siri, ana bugu da taɓarya ana juyawa da cokali. Bugun ba don a niƙe ba ne, don gwandar ta ɗan farfashe ta sha ruwan. Wanda aka kwaɗa a kwano ba a daka ba, za ka ga ruwan a ƙasa, gwandar a sama fara fat ba ta sha komai ba. Wanda aka yi tun da safe kuwa ya yi laushi ya kwanta. Na kirki yana ƙara a haƙori.

Iri biyu ne manya. Tam Thai yana da soyayyar gyaɗa, ya fi zaƙi. Tam pla ra na Isan ne, da ruwan tsimammen kifi, wani lokaci da ƙaguwar gishiri ɗanya. Matsayin pla ra a wurin ɗan Isan shi ne matsayin daddawa a miyar kuka: warin ne ke korar baƙo, shi ne kuma daɗin. Ka fara da tam Thai. In za ka gwada ɗayan, ka tambaya ko an tafasa pla ra ɗin, ka kuma ce a cire ɗanyar ƙaguwa, domin cikin da bai saba ba yana iya ɓaci a tsakiyar tafiya. Da ƙwara ake odar barkonon som tam. Biyu ya ishi mai farawa, huɗu ko biyar na wanda ya saba da attaruhu ne, domin ƙaramin barkonon nan prik khi nu ba a raina shi. Abokan cinsa kai yang, gasasshiyar kaza, da khao niao, shinkafa mai danƙo da ake kawowa cikin ɗan kwandon gora. Da hannu ake cin ta: a gutsuro, a mulmula, a dangwala.

Laap sassaren nama ne da aka dafa sama-sama, aka kwaɗa da lemun tsami, ruwan kifi, garin barkono, albasa da na'ana'a. Sirrinsa khao khua, ɗanyar shinkafa mai danƙo da aka soya ba mai har ta yi ja, aka daka. Ita ke ba shi gardi da ɗan tsakuwa-tsakuwa a baki. In babu ita ba laap ba ne. In ka ga kalmar dip a bayan sunan, ɗanye ake nufi, ka bar shi.

Pad Thai kuwa, soyayyar taliyar shinkafa, tun asalinsa abincin amalanke ne, gwamnatin Firaminista Phibun ce ta yayata shi a ƙarshen shekarun 1930 zuwa na 1940, kuma faranti ɗaya ko biyu ake soyawa a lokaci guda. Jiƙa taliyar ake yi, ba a tafasa ta, a cikin kasko take ƙarasa dahuwa da ruwan tsamiya, sukarin kwakwa da ruwan kifi. A ciki za ka tarar da ƙananan yankan awara, busasshen jatan lande, gishirtaccen farin tushe, ƙwai, tsiron wake da ganyen kuichai mai kamar lawashi. Launinsa ruwan ƙasa ne mai haske. In ya fito ja jawur da zaƙi kamar alewa, an sa masa tumatirin kwalba a madadin tsamiya. Akwai mai launin ruwan lemo na gaskiya, wanda man kan jatan lande ya rina, shi wannan ƙamshin teku za ka ji ba na tumatir ba. A gefen faranti a kawo lemun tsami, dakakkiyar gyaɗa, garin barkono da ɗanyen tsiron wake, kai za ka daidaita.

Wuta ita ce abin da ya fi raba titi da otal. Jay Fai, tsohuwar da shagonta na bakin titi ya samu tauraron Michelin, lambar yabo ta gidajen abinci, a ƙarshen 2017, a kan gawayi take girki da hannunta, sanye da tabarau na kare ido saboda zafi. Kicin ɗin otal mai murhun kasko na musamman yana iya kamo wannan wutar, wanda kuwa ke amfani da murhun girkin Turawa ba zai iya ba. Pad see ew, faffaɗar taliya da baƙin ruwan waken suya, ita ce ke tona wannan: ta kirki tana da tabon ƙuna nan da can a jikinta.

Tom yum kung, romon jatan lande mai tsami da yaji, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin jerin al'adun gado a watan Disamban 2024, iri biyu ne: nam sai mai ruwa garau, da nam khon mai madarar gwangwani da soyayyen barkono. Ko wanne ka zaɓa, ka tsoma cokali ka duba. Dole ka ga manyan yankan ciyawar nan mai ƙamshin lemo da ake sa wa shayi, da faifayen kha mai kama da citta, da yagaggen ganyen makrut, wani irin lemun tsami. Ba cin su ake ba, ka ture su gefe. In babu su, ruwan kuma ya yi launin lemo bai ɗaya, daga kwalba aka ɗebo. Lemun tsami bayan an sauke tukunya ake matsa shi. In an tafasa shi tare, miyar takan yi ɗaci da bauri.

Koriyar miya, kaeng khiao wan, ba ta da kauri. Ruwa-ruwa take, da ɗigon koren mai yana yawo a sama, alamar an soya kayan miyar cikin madarar kwakwa har ta fitar da mai. A ciki akwai zagayayyen yalo da ƙananan gauta masu ɗan ɗaci.

Abin da za ka faɗa wa mai ɗaukar oda

Namiji yana rufe magana da khrap, mace da kha. Ba a barin su, su ne ladabin zance. Mai kin mu khrap, ba na cin alade. Mai sai nam man mu, kada a sa kitsensa. Mai sai lueat, kada a sa jini. Game da yaji, mai phet babu yaji, phet nit noi kaɗan, phet mak sosai. Jimlar da ta fi kowacce amfani a otal ita ce phet baep khon Thai, wato yaji irin na 'yan ƙasa, domin ita ce ke shaida wa kuku ya daina tausaya maka. Ka haɗa da wan noi, a rage zaƙi. Yawancin abin da ke ɓata abincin otal ba ƙarancin barkono ba ne, yawan sukari ne.

Harshen Tailan na karin sauti ne, kuma kaza da ƙwai, kai da khai, sun yi kusa a kunnen baƙo. Ka riƙa nuna sunan da yatsa a takarda kana faɗa. Sannan ka sani mutanen nan ba sa son ce wa baƙo a'a kai tsaye. In ka ce, ai babu alade a ciki ko, za a iya amsa maka da murmushi da e. Gara ka tambaya da wane ƙashi aka yi romon, da wane mai aka yi suyar, ka bar shi ya je kicin ya dawo da amsa. Mai rashin jituwa da gyaɗa ko jatan lande ya faɗa tun farko, domin kusan kowace miyar kaeng tana da kapi, wato niƙaƙƙen tsimammen jatan lande, a cikin kayan dakanta.

In abinci ya zo salam, ka gyara da kwalaben tebur, cokali ƙarami ɗaya-ɗaya kana ɗanɗanawa. Ba rashin ladabi ba ne, haka kowa ke yi. In kuskuren babba ne, ka kira mai hidima ka yi magana a hankali da sakin fuska. Ɗaga murya a Tailan ba ya gyara komai, sai ma ya sa kowa ya janye.

Haɗa tebur, da kuɗi

Mutum huɗu ku yi odar miya mai ruwa ɗaya, kwaɗo ɗaya, suyar kasko ɗaya, gashi ko miyar kwakwa ɗaya, kowa da farantin shinkafarsa. Ku ce a kawo duka tare. Otal na da ɗabi'ar kawo tom yum shi kaɗai da farko irin tsarin Turawa, alhali tare da shinkafa ake kurɓarsa, cokali nan cokali can. Taliya da pad kaphrao abincin mutum ɗaya ne, ba a jera su cikin na tarayya. Cokali a dama shi ke zuwa baki, mai yatsu a hagu turawa kawai yake yi. Tsinken cin abinci na taliyar romo ne.

Kada ka sa a kai maka ɗaki. Kafin farantin ya hau bene a ƙarƙashin murfi, tururi ya kashe ƙwan da taliyar. Ka kuma guje wa ƙarshen lokaci: da yawan kicin ɗin otal suna rage ma'aikata bayan biyu da rabi na rana da bayan goma na dare, sai ƙaramin kuku ya rage da gajerar takarda. Abin zaƙi kuwa, khao niao mamuang, shinkafa mai danƙo da mangwaro da madarar kwakwa mai ɗan gishiri, ya fi kyau daga Maris zuwa Mayu, lokacin mangwaron nam dok mai da ok rong. Shinkafar da ɗumi ake kawo ta. Wadda ta kwana a firiji takan yi tauri a tsakiya.

Farantin da ake sayarwa baht (kuɗin Tailan) 50 zuwa 80 a titi, a otal yana iya ninkawa sau huɗu ko fiye. Ka lura da alamar ++ a bayan farashi. Tana nufin za a ƙara kashi 10 cikin ɗari na hidima, sannan a ɗora harajin VAT kashi 7 a kan jimillar, wato ƙarin kashi 17.7. Abincin baht 1,000 zai zama 1,177. In an rubuta net, an riga an haɗa komai. Abin da ya rage kuma kana iya cewa sai klong, a sa maka a kwali. Massaman, khao mok da gasasshiyar kaza suna jure ɗumame in ɗakinka na da firiji. Som tam, laap, duk wata taliyar kasko da abincin ruwa kuwa, a teburin ake gamawa da su.